Wa zai zo, mu ko shi? Aikatau mai ɓoye mai aiki a Turanci da Faransanci

 Ga rubutaccen shirinmu na wannan mako, saboda waɗanda data ba ta bar su sun saurara ba, da masu cewa sun fi gane abu in sun gan shi da ido. Na yau kam gara ma a gan shi a rubuce, domin a kan 'yan ƙananan kalmomi za mu yi magana, irin waɗanda kunne ke tsallakewa.

Bari in fara da abin kunyar da ya same mu. Kafin juyin mulkin Nijar na 2023 da rufe bodar da ya biyo baya, mu wasu matasa a Katsina muna shirin dashen itatuwa tare da takwarorinmu na Maraɗi. Ran nan sai sakatarensu ya turo saƙo da Faransanci, don a wajensu in magana ta zama ta ofis da shi ake rubutawa. Ga abin da ya rubuto: "Le coordinateur demande à venir samedi." Akwai wani abokinmu da ya taɓa Faransanci a sakandare, shi ne tafintanmu. Ya duba, ya gyaɗa kai, ya ce shugabansu na neman mu zo ranar Asabar. Shi ke nan, muka yi karo-karo, mu shida muka shiga mota, muka bi ta Jibiya, muka wuce Ɗan Isa, sai ga mu a Maraɗi. Muna isa aka ce ai shugaba ya tafi Katsina wajenku tun da sassafe. Wallahi wataƙila ma motarsa ce ta ba mu ƙura a hanya.

Abin da saƙon ke cewa shi ne shugaban na neman izinin shi ya zo. Da mu ake so mu je, da an rubuta "Le coordinateur vous demande de venir samedi." Kun ga bambancin? Ɗaya na da "à venir", ɗaya na da "vous" da "de venir". Ita kalmar "venir", wato zuwa, ba ta motsa ba a duka biyun. Ba ta faɗa maka wa zai zo ba. Abin dariyar kuma, mu da su duk Hausawa ne. Da Hausa aka rubuta, "yana so ya zo" da "yana so ku zo" ko yaron firamare ba zai rikita su ba.

To wannan "venir" ɗin ita ce maganarmu ta yau. Malaman nahawu na kiran irinta infinitif. Ni zan riƙa ce mata aikatau tsura, don aikatau ne da ba a sa masa komai ba: babu lokaci a jikinsa, babu alamar mai yin aikin. In ka ce "ya tafi", ka san namiji ne, mutum ɗaya, kuma an riga an yi. In Bature ya ce "to go", ko Bafaranshe ya ce "partir", ba ka san wa ba, ba ka san yaushe ba. Sai ka waiwaya ka dubi sauran jimlar kafin ka gane.

Kowane harshe da yadda yake ɗinka nasa. Na Faransanci kalma ɗaya ce mai wutsiya, kuma gado ne daga Latin: "cantare" ta zama "chanter", "finire" ta zama "finir", "vendere" ta zama "vendre". Turanci ma da can haka yake. A tsohon Turanci na shekaru dubu da suka wuce, rera waƙa "singan" ne, wutsiyar "an" ita ce alamar. Sannu a hankali wutsiyar ta guntule, sai "to" ta karɓi aikin. Ita kuwa "to" asalinta "zuwa" take nufi, kamar yadda muke cewa ya tafi neman aiki, ta je ɗiban ruwa. Da tafiya ta yi tafiya, ta zama tambari kawai.

Mu fa? Muna da abu mai kama da shi. "Na fara karanta littafin." "Ya iya gyara waya." Ka ga "karanta" da "gyara" a nan babu wani "na" ko "ya" a gabansu. Muna kuma da sunan aiki: ina son tafiya, ta ƙi cin abinci. Amma babbar hanyar da bakinmu ya saba da ita daban ce. Mu mukan kawo ɗan ƙaramin wakilin suna mu ajiye gaban aikatau: ina so in tafi, ina so ka tafi, ina so ki tafi, ina so mu tafi, ina so su tafi. Hausa ba ta jin nauyin nuna mai aiki da yatsa. Ku riƙe wannan, don kusan duk tuntuɓen da ɗan Kano ke yi a Turanci da wanda ɗan Damagaram ke yi a Faransanci a wannan fage, daga nan yake tasowa.

Mu ɗauki "ina so in tafi". Bature ya ce "I want to go", Bafaranshe ya ce "Je veux partir". Nan sun yi daidai, dukansu sun ɓoye mai tafiyar, don an san mai so shi ne mai tafiya. Yanzu mu canza: "ina so Musa ya tafi". Nan hanya ta rabu biyu. Turanci zai ci gaba da aikatau tsura, ya cusa Musa a tsakiya: "I want Musa to go." Faransanci ya ce sam. Ba a cewa "Je veux Moussa partir". Dole ka buɗe sabuwar jimla da "que", ka juya aikatau zuwa sigar fata da umarni: "Je veux que Moussa parte." Wato a nan Faransanci ya fi kusa da mu, don "parte" ɗin nan kusan aikin "ya tafi" take yi.

Sai ka ga abin da ke faruwa a bakin ɗalibai. Na wannan gefen boda ya ɗauko ginin Hausa ya sa masa rigar Turanci, ya ce "I want that Musa should go". Bature zai gane, amma zai ji ta wani iri. Na wancan gefen ya sami "que" ta yi masa daɗi don ta yi kama da Hausa, sai ya zarce da ita har inda ba ta zuwa, ya ce "Je veux que je parte". Wannan kuma a Faransanci kuskure ne kai tsaye. Ƙa'idarsu ita ce, da aikatau irin su "vouloir", in mai so da mai yi mutum ɗaya ne, aikatau tsura dole. In mutum biyu ne, "que" dole.

Kada mu yi saurin cewa Hausa ta fi su bayani a ko'ina fa. Duba wannan: "Musa yana so ya tafi." Wa zai tafi? Musan ne, ko wani ne da ya zauna masa a shago ya ƙi tashi? Hausa ba ta raba ba, sai dai ka san labarin. Faransanci kuwa ya raba tsaf. "Moussa veut partir" Musa ne mai tafiya. "Moussa veut qu'il parte" tilas wani ne daban. Turanci ma haka, "wants to go" da "wants him to go". Kowane harshe akwai inda yake rufe fuska.

Yanzu ga inda abin ya fi ba ni sha'awa. Tunda aikatau tsura ba ya faɗin mai aiki, wa ke yanke hukunci? Babban aikatau na farkon jimla ne. Ku saurari waɗannan biyun: "I told Musa to come" da "I promised Musa to come". Kalma ɗaya ce kawai ta canza. A ta farko Musa ne zai zo. A ta biyu ni ne zan zo. Faransanci ma sak: "Je lui ai dit de venir", shi zai zo, "Je lui ai promis de venir", ni zan zo. Yawancin aikatau, irin su faɗa, roƙa, tilasta, lallasa, suna ɗora aikin ne a kan sunan da ya fi kusa. Alkawari ne ɗan tawaye, shi yakan tsallake na kusa ya komo kan mai magana. In ka yi tunani ma daidai ne, ai ba ka yi wa mutum alkawarin abin da shi zai yi.

In wannan ya taɓa rikita ka, kada ka ji komai, 'ya'yan Turawa ma yana rikita su. Wata masaniyar harshe a Amurka, Carol Chomsky, ta fitar da bincike a 1969 kan yara 'yan shekara 5 zuwa 10. Takan ba yaro 'yar tsana biyu, ta ce wannan ya yi wa wancan alkawari zai yi kaza, to sa shi ya yi. Da yawa daga cikin ƙananan sai su ɗauki wanda aka yi wa alkawarin su sa shi aikin, don sun saba na kusa ne mai yi. Yaran da aka haifa cikin harshen ke nan, suna shekara da shekaru kafin abin ya zauna musu. Mu kuwa Hausa ta hutar da mu: na ce masa ya zo, na yi masa alkawari zan zo.

Wannan ne ya kai mu Maraɗi. "Demander à" da aikatau tsura, mai roƙon ne ke son yi da kansa. "Demander à quelqu'un de", wanda aka roƙa ne zai yi. Turanci na da tagwayensu: "He asked to leave", shi ke son fita, "He asked me to leave", ni aka kora. Yanzu ka ɗauka ba dashen itace ba ne, takardar yarjejeniya ce tsakanin ɗan kasuwar Kano da na Maraɗi, ana maganar wa zai biya kuɗin mota, wa zai sauke kaya. Ko wasiƙar makarantar da ta ba ka gurbin karatu ce, tana faɗin wa zai aiko da wace takarda kafin wace rana. Nan ba kuɗin motar mutum shida za ka yi asara ba.

Akwai wani wuri da harsunan biyu suka juya wa juna baya gaba ɗaya, kamar an kifa madubi. Bature na iya cewa "I believe Musa to be honest", na yarda Musa mai gaskiya ne. Bafaranshe ba zai ce "Je crois Moussa être honnête" ba, sai dai "Je crois que Moussa est honnête". To juya ta. Bafaranshe na cewa "Je crois avoir raison", ina jin ni ke da gaskiya, ba tare da ya maimaita kansa ba. Bature kuma ba shi da damar cewa "I believe to be right". Abin da wannan ya halatta wancan ya hana, abin da wancan ya halatta wannan ya hana. Wani masani Ba'amurke, Richard Kayne, ya yi rubutu a kan wannan a 1981, inda ya nuna ba haɗari ba ne. A ganinsa abin na da alaƙa da yadda ƙananan kalmomi irin su "for" da "de" ke aiki a harsunan biyu. Turanci na iya cewa "for Musa to go", "for" ta riƙe Musa a gaban aikatau tsura. "De" ta Faransanci ba ta iya riƙe kowa haka. Har ya haɗa shi da dalilin da ya sa Bature ke iya barin irin wannan kalma a ƙarshen tambaya, "Who did you vote for?", alhali Bafaranshe dole ya jawo ta gaba, "Pour qui as-tu voté ?" Ba sai ka haddace bayaninsa ba. Abin da za ka ɗauka shi ne Turanci na barin aikatau tsura ya zo da mai aikinsa a fili, Faransanci kuwa a mafi yawan lokuta ba ya bari. Inda yake sassautawa shi ne wajen gani da ji da bari: "Je vois Moussa partir", ina ganin Musa yana tafiya, wannan lafiya lau.

Bari in dawo gida, kan wasiƙun neman aiki da neman tallafin karatu, don ina yawan duba wa ƙanne irinsu. Kusan kowace sai na ci karo da "to enable me complete my studies". Mun cire "to" inda ake buƙatarta, daidai shi ne "enable me to complete". Sannan mu je mu dasa ta inda ba a so: "he made me to cry", alhali "made me cry" ne. "Make" da "let" ba sa son "to" a bayansu, "enable" da "allow" kuwa sai da ita. Don abin ya ƙara ba ka haushi, in ka juya jimlar ta koma kan wanda aka yi wa, "to" sai ta dawo: "I was made to wait." Ni a ra'ayina, "enable me do" ba abin kunya ba ne, Turancin Najeriya ne, manyan jaridunmu ma na rubuta shi. Amma mai duba takardarka a wata ƙasa bai san wannan ba, kuma ba zai kira ka ya ji uzurinka ba. Ka san wanda kake rubuta wa.

Sai gagarabadau, jimlar rufe wasiƙa: "I look forward to hear from you." Wannan "to" ɗin ba ta aikatau tsura ba ce, tsohuwar "to" ce mai nufin "zuwa", shi ya sa ake cewa "to hearing from you". Ga dabarar ganewa: sa suna a bayanta ka ji. "I look forward to the meeting" ta zauna daram, ke nan aikatau mai "ing" za ta ɗauka. "I want to the meeting" ba ta zauna ba, ke nan waccan "to" ɗin ta aikatau tsura ce. Nan ma sun saɓa da Faransanci. Bayan kalmomi irin su ba tare da, kafin, bayan, Turanci "ing" yake sawa, "without eating", "before leaving". Faransanci kuwa aikatau tsura: "sans manger", "avant de partir", "après avoir mangé".

'Yan'uwanmu masu Faransanci su ma da nasu ciwon kan. Wani aikatau "à" yake so, wani "de", wani ba ya son komai: "réussir à", "apprendre à", "essayer de", "décider de", amma "vouloir", "pouvoir", "espérer" haka nan tsura. Gaskiya babu wata ƙa'ida ɗaya da za ta fishe ka a nan, in kana haddace aikatau ka haddace shi da 'yar rakiyarsa. Ga kuma "manger" da "mangé" da "mangez", a kunne duk ɗaya ne, a takarda uku ne. Dabarar da malamai ke koyarwa ita ce ka musanya da "vendre". In "vendre" ta shiga, "er" za ka rubuta. In "vendu" ce ta shiga, "é" ne. "Je vais vendre", don haka "je vais manger". "J'ai vendu", don haka "j'ai mangé".

Wani abu da ya shafi kowa, har wanda bai taɓa shiga ajin Faransanci ba: kwalin magani da kayan gwangwani da ke tsallako boda. Faransanci na ba da umarni da aikatau tsura in ba mutum ɗaya ake nufi ba. "Agiter avant emploi", a girgiza kafin a yi amfani da shi. "Ne pas dépasser la dose prescrite", kada a wuce adadin da aka rubuta. Mu da "a" muke wannan aikin: a girgiza, a ajiye, kada a sha. Ku lura da "ne pas" ɗin nan. A jimla ta yau da kullum sukan sa aikatau a tsakiya, "il ne fume pas". Amma gaban aikatau tsura sai su haɗe wuri ɗaya su tsaya a gaba, "ne pas fumer". Saboda haka in ka ga "ne pas" a farkon layi a jikin kwalba, hani ne, ka nemi wanda zai karanta maka sauran kafin ka kai baki.

Akwai wata doka da ban ga amfanin wahalar da yara a kanta ba. An ce kada a raba "to" da aikatau ɗinta, wai kada ka ce "to fully understand". Tun ƙarni na 19 wasu marubutan Ingila suka ɗauki karan tsana suka ɗora wa wannan, cikinsu har da Henry Alford a littafinsa na 1864. Yau manyan littattafan koyar da rubutun Turanci sun yarda da shi. Faransawa ma kullum suna cewa "pour bien comprendre", babu wanda ya ɗaga gira. In malaminka ya hana, bi shi ka ci jarrabawarka, amma kada ka je kana gyara wa mutane a Facebook.

Wani zai ce, to yanzu da Nijar ta ɗaga Hausa, me ya kai mu wannan dogon Turanci? Gaskiya ne, a 2025 sabon kundin da gwamnatin Nijar ta fitar ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Amma kundin nan dai ya ajiye Faransanci da Turanci a matsayin harsunan aiki. Ma'ana matashin Maraɗi ko Tawa zai ci gaba da cin karo da su biyun a takarda, kamar yadda ɗan'uwansa na Garwa a Kamaru ya daɗe yana yi. Mu ma na Najeriya, in ka cire teku, ta ko'ina masu Faransanci ne suka kewaye mu: Benin, Nijar, Chadi, Kamaru.

Ni dai tun daga tafiyar Maraɗi na ɗauki wata al'ada. Duk inda na ga "to" da aikatau, ko aikatau mai ƙarewa da "er", "ir", "re" a takarda mai muhimmanci, sai in tsaya in mayar da wurin Hausa, in ga wane wakilin suna bakina zai sa: in, ka, ya, mu, ku ko su. In bakina ya yi jinkiri, to ban gane jimlar ba ke nan, sai in ɗaga waya in tambaya.

Ga aikin gida kafin mako mai zuwa. Wani ya rubuto maka: "The chairman agreed with the treasurer to refund the money." Mayar da ita Hausa, ka faɗa mana wa zai mayar da kuɗin, shugaba ne, ma'aji ne, ko su biyun. Za mu karanto amsoshinku a farkon shiri na gaba in Allah ya kai mu. A huta lafiya.